Na'urar Da Ke Ɗiga Wa Sarƙar Mashin Mai Da Kanta: A Saka Ko A Bari? Ga Yadda Muka Kwashe Da Ita



Na san abin da ka saba gani daga wurina shi ne yadda za ka yi da wayar da ta ƙi caji, ko yadda za ka dawo da hotunan da suka goge. Yau dai ka yi haƙuri, za mu tashi daga teburin gyaran waya mu tsuguna gefen mashin. Dalili kuwa, a 'yan kwanakin nan mutane sun yi ta turo min wani bidiyo na 'yar na'urar da ake ɗaura wa babur, tana ɗiga wa sarƙa mai da kanta kana cikin tafiya, kowa tambayarsa ɗaya: abin nan yana aiki kuwa? A saka ko a bari?

Ni ba bakanike ba ne, mai gyaran waya ne. Amma wannan abin na taɓa haɗa shi da hannuna, na ɗaura, na ji daɗinsa, na kuma sha wuyarsa, har yau da tabonsa a tafin hannuna. Don haka gyara zama ka ji.

YADDA ABIN YA SAMO ASALI

A Dala nake, cikin lungunanmu na wajen Ƙofar Mazugal, shagon da nake aiki kuma yana Farm Centre. Kullum sai na ratsa gari safe da yamma, tafiyar ba ta wuce kilomita 10 zuwa, 10 dawowa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya fara cinye min abin da na wuni ina nema. Sai na yi ta tari har Allah Ya hore min Boxer na hannu.

Wanda ya sayar min ya riga ya cire murfin sarƙa, gwangwanin nan da kamfani ke rufe ta da shi sama da ƙasa. Ka san halinmu matasa, wai murfin yana ƙara, wai yana sa mashin ya yi kama da na dattawa. Ni ma ban damu ba, har ma na ga ya fi kyau a haka. Na hau abina wata da watanni. Fetur nake sha, juyen baƙin mai nake yi idan na tuna, amma sarƙa ko kallonta ba na yi.

Wata safiya cikin hunturu, hazo ya rufe gari, ina hawa gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, sai na ji ƙas! Injin yana kuka, mashin ba ya tafiya. Sarƙa ta zame ta cushe tsakanin faifan haƙori da ƙarfen da ke riƙe tayar baya. Allah Ya sa ba gudu nake ba, kuma babu mota a gindina. Haka na gangaro da shi ina turawa har wurin wani bakanike na bakin titi. Da ya zaro ta ya nuna min, kunya ta kama ni. Ta bushe ƙayau, ta yi ja da tsatsa, wasu gaɓoɓin sun sandare ba sa lanƙwasuwa, haƙoran faifan kuma sun karkace sun zama kamar ƙugiya. Sarƙa da faifai biyu, na gaba da na baya, duk sai da aka canza. Kuɗin da na biya ranar, sai na canza sikirin da yawa kafin ribarsa ta mayar min da shi.

ME SARƘA TAKE BUƘATA NE?

Kafin mu je ga na'urar, bari ka fahimci abin da ke faruwa a ƙasan ƙafarka. Irin mashinanmu na gari, su Boxer da Jincheng da Lifan da Haojue, yawanci sarƙa mai lamba 428 suke amfani da ita, mai gaɓoɓi sama da 100. Kowace gaɓa tana da ɗan ƙarfe a tsakiya kamar ƙusa, da 'yar bututu da yake juyawa a ciki. Duk zagayen da sarƙa za ta yi, kowace gaɓa sai ta lanƙwasa ta miƙe, ƙarfe yana gugar ƙarfe. Mai shi ne yake shiga tsakaninsu.

Abin da muke cewa "sarƙa ta miƙe", ba miƙewa take yi kamar roba ba. Waɗancan ƙananan ƙarafan na ciki ne suke cinyewa, kowace gaɓa ta ɗan saki kaɗan. Ka tara kaɗan-kaɗan ɗin nan sau ɗari, sai ka ga sarƙa ta yi tsawo tana lilo. Daga nan ba ta zama daidai cikin haƙoran faifai, sai ta fara cin su, su ma su fara cin ta. Shi ya sa makanikai ke cewa a canza su tare. Ba wayon cin kuɗi ba ne, tsohon faifai yakan kashe sabuwar sarƙa da wuri.

Manyan mashina na ƙasashen waje suna da sarƙa mai 'yan zobban roba a kowace gaɓa, waɗanda suke kulle giris a ciki tun daga kamfani. Tamu ta gari yawanci ba ta da su. Man da ka saka mata shi ne kaɗai abin da take da shi.

Sannan ga abokiyar gabarmu ta musamman, ƙura. Mai gyaran waya ya fi kowa sanin ƙurar Kano. Wayoyi da yawa da ake kawo min wai bakin caji ya lalace, da na sa hantsaki sai in zaro dunƙulen ƙura da zare, waya ta ci gaba da caji. To idan wayar da ke cikin aljihunka haka take sha, ina ga sarƙar da ke buɗe taku ɗaya daga ƙasa, tana bin lungunan cikin gari da ba kwalta? Ƙura idan ta haɗu da mai mai danƙo, sai ta zama baƙin kwaɓi mai yashi-yashi, yana goge ƙarfe kamar samfefa. Busasshiyar sarƙa tana mutuwa, wadda aka lafta wa giris ƙura ta manne ita ma tana mutuwa. Riƙe wannan, a kansa duk maganar take.

ITA NA'URAR, YAYA TAKE AIKI?

Bayan waccan asarar ne na shiga YouTube ina bincike, na ci karo da ita. Dabarar ba ta da wuya: 'yar kwalba mai ɗauke da mai, siririn tiyo da ya gangara zuwa faifan baya, da wani abu a tsakani da ke buɗewa yana rufewa. Mai yana ɗiga kaɗan-kaɗan a jikin faifan, juyawar faifan tana watsa shi cikin sarƙa. Tun da man marar danƙo ne, yana fita yana tafiya da datti, wani sabo yana shigowa.

Bambancinsu yana wurin abin da ke buɗewa da rufewa ɗin:

1. Mai aiki da zuƙar injin. Wanda ya fi suna shi ne Scottoiler, kamfanin da ke kusa da birnin Glasgow a Scotland, suna yin sa tun shekarun 1980. Ana jona ɗan tiyo a hanyar da injin ke zuƙar iska bayan kafireto. Injin na tashi, zuƙar ta ɗaga bawul, mai ya fara sauka. Ka kashe injin, bawul ya rufe.

2. Mai aiki da girgizar hanya, kamar Tutoro na Ingila. Akwai ɗan nauyi a cikin kwalbar, mashin na motsi yana tsalle yana buɗe hanya, mashin na tsayawa ya zauna ya toshe.

3. Mai aiki da batir, da ɗan famfo na lantarki, kai ne za ka saita yawan ɗigon.

4. Mai murɗawa da hannu, irin su Nemo 2 da kwafinsa masu araha da suka cika kasuwannin intanet. Ka ɗan murɗa murfin, mai ya sauka na 'yan mintuna ya tsaya. Wannan ba da kansa yake yi ba, sai ka tuna.

Na asali irin na farko kuɗinsa yakan kai fam 100 na Ingila ko fiye, ban da kuɗin kawowa. Ka canza shi zuwa naira ka gani, zai saya maka sarƙa da faifai sau da yawa. Nan na ce a raina, haba, ni da nake ɗaga ay-si a kan fanel, ɗan abin ɗigon mai ne zai gagare ni?

WANDA NA HAƊA DA HANNUNA

Na shiga kemis na sayi robar ƙarin ruwa sabuwa, irin ta asibiti, da babban sirinji mai cin mil 60. Na cire abin turawar sirinjin, na ɗaure shi a ƙarƙashin kujera, na jona robar, na bi da ita jikin ƙarfe har faifan baya. Na zuba man giya. 'Yar tayar nan da nas ke murzawa don rage gudun ruwa, da ita nake saitawa. A jikin ledar robar an rubuta ɗigo 20 shi ne mil 1, kamfanonin na'urar kuma suna cewa a saita wajen ɗigo ɗaya a minti. Na yi lissafi, ɗigo 1,200 ke nan a sirinji ɗaya, wato tafiyar awa 20. Na ce shi ke nan, na gama da matsalar sarƙa.

Gaskiya satin farko abin ya burge. Sarƙa ta yi shiru, tana sheƙi, giya tana shiga lafiya lau. 'Yan kasuwa suna zagaye mashin suna ɗaukar hoto, ni kuma ina ta bayani ina hura hanci.

Matsala ta farko, abin nawa bai san mashin ya tsaya ba. Sai na tuna na rufe. Wani dare na dawo a gajiye, na kafe mashin a zaure na shige ciki. Ka yi lissafin da kanka: awa 10 a ɗigo ɗaya a minti, rabin sirinji ke nan a kan siminti. Da asuba Abba ya fito zai tafi masallaci, cikin duhu ya taka, santsi ya kwashe shi, Allah Ya sa ya dafe bango. Da gari ya waye ya kira ni, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Kai, wannan mashin naka fitsarin kwance yake yi ne?" Ƙannena suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don na san da dattijon nan ya faɗi a kan ƙugunsa, da wani zancen ake yi ba wannan ba.

Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Ni sai na ɗaura ɗan jan ƙyalle a makulli don in riƙa tunawa, na ci gaba.

Matsala ta biyu ita ce ban yi tunaninta ba sam. Na saita ɗigon nan ne da sanyin safiya, lokacin hunturu bai gama tafiya ba, man giya yana da kauri kamar zuma. To ka san Kano a watan Afrilu, zafi yana kaiwa digiri 40 har ya wuce. Mai idan ya ji zafi tsinkewa yake. Ga girgizar hanya tana ta sassauta 'yar tayar nan ba tare da na sani ba. Abin da na bari yana ɗigo ɗaya a minti ya koma yana tsiyaya. Ashe ma shi ya sa Scottoiler suke sayar da mai kala biyu, shuɗi na yanayi mai sanyi-sanyi, ja na ƙasashe masu zafi. Ni ban kai nan a karatuna ba.

Ranar da abin zai faru, bayan azahar na ɗauko wayoyi biyu da na gama gyarawa zan kai wa wani kwastoma a Gwammaja. Na zo wata kwana, ba gudu nake ba wallahi, na ɗan kwantar da mashin kamar kullum. Sai kawai na ji baya ya tafi. Kafin in ce me, ina ƙasa, mashin yana can yana jan ciki. Man da ya yi yawa ya fantsama ya jiƙe gefen tayar baya, daidai wurin da take taka ƙasa idan ka karya kwana. A miƙe ba ka jin komai, sai ka kwanta.

Allah Ya taƙaita, ban zama baƙon Asibitin Ƙashi na Dala ba duk da muna maƙwabtaka. Amma tafin hannuna na dama ya ɗaye, sikirin ɗin ɗaya daga cikin wayoyin nan ya tarwatse, daga aljihuna na saya na mayar. Kusan sati biyu ban iya riƙe hantsaki ba. Mai gyaran waya kuwa hannunsa ne jarinsa. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

ABIN DA DATTIJON ƘOFAR RUWA YA FAƊA MIN

Da na ji sauƙi na tura mashin Ƙofar Ruwa neman hannun birki da madubi. Akwai wani dattijon bakanike a wurin, tun zamanin da acaɓa ke cika titunan Kano, kafin a hana a watan Janairun 2013, yake wannan sana'a. Ya tsuguna ya kalli sirinjina da robar asibiti, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Yaro, mashin ɗin ne ba shi da lafiya aka sa masa ƙarin ruwa?"

Na ce, "Baba, fasaha ce, don sarƙa ta daɗe."

Ya ce, "To ina murfinta?"

Na ce tun da na saya babu.

Ya girgiza kai. Ya ce 'yan acaɓan da ya sani masu wuni a kan hanya, waɗanda sarƙarsu ta fi daɗewa su ne waɗanda ba su taɓa cire murfin ba. Ya ce, "Kamfani ya ba ka maganin ƙura kyauta, an cire an yar, kai kuma ka zo kana ɗura wa ƙura mai."

Ban ce komai ba, don ba abin cewa. Ya nemo min murfi na hannu a cikin kasuwa, ya buga ya daidaita, ya sa 'yar roba a inda yake ƙara. Ya nuna min ɗan ramin da ke jikinsa mai toshiyar roba, ta nan ake duba sarƙa a saka mata mai ba sai an kwance komai ba. Tun daga ranar na cire ƙarin ruwana.

TO A SAKA KO A BARI?

Ga ra'ayina, kuma na biya kuɗin makarantarsa.

Idan mashin ɗinka irin namu ne na zirga-zirgar gari, gida zuwa kasuwa, kasuwa zuwa gida, ka bari. Littattafan kamfanonin mashin da yawa suna cewa a saka wa sarƙa mai duk bayan kilomita 500. Ni da nake yin 20 a rana, sai na kusa wata ban cika 500 ba. Ko don ƙura ka ce duk sati za ka yi, minti goma ne. Ka mayar da murfin sarƙa idan an cire, wannan ya fi kowace na'ura amfani a garin nan. Kuma idan murfin yana nan, na'urar ma ba ta da wurin zama sai ka huda shi, ba kuma za ka ga yawan man da ke sauka ba.

Wanda za ta yi wa amfani shi ne mai doguwar tafiya a kan kwalta, kamar mai bin Kano zuwa Katsina ko Zariya a kai a kai, ko mai babban mashin da ya zo da sarƙa a buɗe tun daga kamfani. Shi kilomita 500 kwana biyu ko uku ne a wurinsa. Haka da damina, ruwa yana wanke man sarƙa, ɗigon nan yana mayarwa. Ba zan ce maka na'urar ƙarya ce ba, tana aiki. Amma ba ta ɗaure sarƙar da ta saki, ba ta wanke kwaɓin ƙura, ba ta ganin haƙorin da ya cinye. Wanda ya saka ta don ya daina duba sarƙa, ya ƙara wa kansa abin dubawa ne.

IDAN KA CE SAI KA SAKA, GA YADDA ZA KA YI

Daga baya na haɗa wa wani abokina mai yawan tafiya, da gyaran duk kurakuraina. Ko saya ka yi ko haɗawa, ƙa'idojin ɗaya ne.

1. Dole ya zama mai tsayawa da kansa idan mashin ya tsaya. Wannan ba a sassauci. Idan haɗawa za ka yi, nemi ɗan bawul na lantarki mai bolt 12, irin wanda yake rufe sai an ba shi wuta. Ka jona shi a wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, kamar wadda ke kai wa hon, ka sa masa ƙaramin fis. Ka gwada da mita tukuna, domin a ƙananan mashina da yawa wutar fitilar gaba kai tsaye take zuwa daga injin, ba irin ta batir ba ce, bawul ɗin ba zai yi aiki daidai da ita ba.

2. Wanke sarƙa kafin komai. Idan ta riga ta mutu, canza ta. Gwajin mai sauƙi ne: kama sarƙar a can bayan faifan baya ka ja ta waje. Idan ta ɗago har kana ganin rabin haƙori ko fiye, ta gama aiki.

3. Ɗaura kwalbar a tsaye, sama da faifan baya, nesa da salansa da kan injin, inda idonka zai riƙa ganin yawan man. Tana buƙatar ɗan ramin shan iska a sama, in ba haka ba mai ba zai sauka ba. Ka cusa wa ramin ɗan soso don kar ƙura ta shiga.

4. Kar ka yi amfani da robar asibiti, mai yana sandarar da ita ta tsage, abin saitinta kuma ba ya jure girgiza. Nemi siririn tiyon fetur da ɗan famfon saiti na ƙarfe.

5. Bi da tiyon jikin ƙarfen da ke riƙe tayar baya, ka ɗaure shi sosai a wurare da yawa. Ka bar masa ɗan sako-sako a inda ƙarfen ke hawa da sauka. Ka sa wani ya zauna ya danna mashin ka gani ko yana jan tiyon.

6. Bakin tiyon shi ne komai. Ka ɗauki faifan baya kamar fuskar agogo, ka ajiye bakin wajen ƙarfe 6, yana ɗan taɓa jikin faifan, dab da saman sarƙa. Ba a kan sarƙar kai tsaye ba, ba kuma yana lilo a iska ba, iska za ta kwashe man ta kai wa taya. Juya tayar gaba da baya da hannu ka tabbatar ba ya karo da kan notuna.

7. Saita ɗigon da rana tsaka, lokacin da mai ya fi tsinkewa, ba da sanyin safiya ba. Fara da ɗigo ɗaya a minti biyu, ka riƙe agogon wayarka ka ƙirga. Idan yanayi ya juya daga hunturu zuwa bazara, sake saitawa.

8. Bayan tafiyar farko ka sauka ka duba. Sarƙa ta ɗan yi danshi, shi ke nan. In ka ga ɗigo-ɗigo a gefen taya ko kusa da birki, ya yi yawa, rage, ka wanke tayar da omo kafin ka sake hawa. Ka mayar da wannan dubawar al'ada kullum da safe.

HANYAR DA NAKE BI YANZU

Duk ranar Juma'a da safe kafin in fita, na kafe mashin a kan babban jak, injin a kashe. Ina juya taya da hannu ina ɗiga man giya mai lamba 90 ta ramin murfin, a cikin sarƙar ta ɓangaren da ke taɓa haƙora, har ta zagayo. In duba sakinta da yatsa a tsakiya, hawa da saukarta kar ya wuce kamar santimita 2 zuwa 3, amma ka duba abin da aka rubuta wa naka mashin. Sau ɗaya a wata ko biyu in buɗe murfin, in wanke ta da kalanzir da tsohon buroshin haƙori, in goge, ta bushe, in saka sabon mai.

Abu biyu zan roƙe ka. Na farko, kondem ɗin da ake juyewa daga injin ya fi babu, amma cike yake da garin ƙarfe da datti, ƙaramar robar man giya kuwa za ta yi maka watanni. Na biyu, kuma shi ne babba, kar ka taɓa tayar da injin ka sa giya wai taya ta riƙa juyawa kana goge sarƙa da tsumma. Sarƙa tana kama tsumma, tsumma ya ja yatsa zuwa cikin haƙora, kafin ka kai hannu ga makulli an gama. Minti biyun da za ka rage bai kai yatsa ɗaya ba.

Sarƙar da aka sa min bayan faɗuwar nan ita ce a jikin mashin har yanzu, sau kaɗan aka taɓa ɗaure ta. Sirinjin kuwa yana nan a shago, na wanke shi ina zuba sinadarin wanke fanel. Abba ma har yau idan ya ga na tsuguna gefen mashin da safiyar Juma'a sai ya ce, "Yaya mai jiki, an sallame shi daga asibitin?"

Idan kana da irin wannan na'urar a mashin ɗinka, ko ka taɓa haɗa taka, faɗa mana yadda kuka ƙare, musamman masu doguwar tafiya, mu ma mu ƙaru. Wanda kuma ya san an cire masa murfin sarƙa, Ƙofar Ruwa ba nisa.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa mu fita lafiya mu dawo lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, za mu koma kan wayoyinmu in sha Allahu.